Aljabara: Daga Allon Yumɓu Zuwa Littafin Aikin Gida

Aljabara wani reshe ne na lissafi da ake sa harafi ya tsaya a madadin adadin da ba a sani ba, a yi ta juya shi bisa ƙa'ida har adadin ya fito fili. Ƙashin bayan abin da ake koyarwa cikinta a sakandare shi ne folinomiyal, wato lissafi mai gaɓoɓi da yawa, irin 2x³ − 5x² + x − 7. Gaɓa takan ɗauki lamba da harafi, a kafaɗar harafin kuma akwai 'yar ƙaramar lamba mai nuna sau nawa ya zo cikin ninki. Ita ce hawansa, kamar hawan bene: x² mai hawa biyu ne, x³ mai hawa uku, shi kuma folinomiyal ana kiransa da hawan gaɓarsa da ta fi tsawo. Ɗalibin da aka ba jingar ya tara irin waɗannan, ya ɗebe, ya ninka, ya raba, ko ya nemo adadin da zai mayar da su sifili, yana riƙe ne da abu biyu da ba sa'o'in juna ba. Dabarar ta kusa shekara 4,000. Alamomin da ake rubuta ta da su kuwa, a kamanninsu na yanzu, ba su cika shekara 400 ba, kuma sau da yawa su ne ke kayar da yaro, ba dabarar ba.

Tsohuwar shaidar wannan dabara ta fito ne daga ƙasar da ke tsakanin kogunan Dijla da Furat, Iraƙi ta yau, zamanin tsohuwar daular Babila, wajen 1900 zuwa 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A kan yumɓu mutanen wurin suke rubutu. A mulmula ɗanyensa, a daɓe shi ya yi faɗi, a riƙa danna masa bakin kara. Yaran da za su zama magatakarda suna karatu a makarantar da ake kira edubba, ma'ana gidan alluna. A garin Nippur masu tonon kayan tarihi sun haƙo wani ɗan gida da ɓaraguzan allunan ɗalibai fiye da 1,000 a cikinsa, na wajen 1740 kafin Miladiyya. Wani nau'in allo da ya yi yawa a ciki ya nuna yadda darasi yake tafiya. Malam ya rubuta samfuri a hagu, yaro ya kwafa a dama, ya shafe, ya sake kwafa, har ɓangaren dama ya sirance saboda yawan shafa, na malam yana nan daram. A bayan allon kuma yaron ya yi tishin abin da ya haddace a baya, kamar jadawalin ninki. Ƙidayarsu a kan 60 take tafiya, shi ya sa har yau awa take da minti 60.

Wani allo da ke gidan tarihin Birtaniya a Landan, mai lamba BM 13901, yana ɗauke da tambayoyi 24 a kan murabba'i, wato fili mai gefe huɗu daidai wa daida. A ta farko an tara girman filin da tsawon gefensa ɗaya, an sami kashi uku cikin huɗu, ana neman gefen. Da rubutun yau wannan shi ne x² + x = ¾. Amsar tana biye da tambayar daki-daki: a ɗauki rabin ɗaya, a ninka shi da kansa ya zama rubu'i, a ɗora a kan kashi ukun nan ya cika ɗaya, a nemi saiwar ɗaya, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da ɗaya, ita ce ɗaya, a cire rabin da aka fara da shi. Gefen rabi ne. Babu harafi, babu bayanin dalili, sai dai bi ni a baya. Tambayar kanta ba ta da wani amfani a gona, don ba manomin da zai tara faɗin gonarsa da tsawon igiyar awo ya ce ya sami wani abu. Tambayar makaranta ce, an ƙirƙiro ta don wasa ƙwaƙwalwa da gwada gwaninta. Ɗalibin da ke ƙorafin bai ga inda x² + x zai yi masa rana a kasuwa ba yana da 'yar gaskiyarsa, tun ranar farko haka abin yake.

A Masar an sami makamancin wannan a takardar Rhind, wadda wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafa wajen 1550 kafin Miladiyya daga wani littafi da ya girme shi. Tambayoyi ne sama da 80 da amsoshinsu. Abin da ba a sani ba suna ce masa aha, wato tuli. Ta 24 tana neman tulin da in aka ƙara masa kashi ɗaya cikin bakwai nasa zai zama 19. Hanyarsu kintace ne mai dabara: a ce 7 ne, a ga ya ba da 8, sai a gyara kintacen gwargwadon yadda 19 ya fi 8. Girkawa sun mayar da irin waɗannan alaƙoƙi zane, layi da fili, kamar yadda Iƙlidis ya tsara a Iskandariyya wajen 300 kafin Miladiyya. Diyofantus, wanda shi ma a Iskandariyya ya rayu wajen ƙarni na 3 na Miladiyya, ya fara gutsure kalmomi ya mayar da su gajerun alamomi. Littafinsa kashi 13 ne. Shida sun tsira da Girkanci, huɗu kuma sai a fassarar Larabci ta Ƙusɗa bin Luƙa aka same su.

A Indiya, Brahmagupta ya rubuta a shekarar 628 ƙa'idojin sifili da na lambobin da ke ƙasa da shi. Waɗannan bashi ya kira su, na sama kuma dukiya, kuma a wurinsa aka ga ƙa'idar nan da har yau take ɗaure wa 'yan aji ɗaya kai, cewa bashi sau bashi dukiya ne. Idan abubuwan da ba a sani ba sun yi yawa, sunayen launuka yake ba su, baƙi da shuɗi da sauransu. A ƙasar Sin da sanduna ake lissafi a kan tebur, ja da baƙi don bambanta riba da bashi, matsayin da aka ajiye sanda shi ke nuna hawanta. Da wannan hanya Qin Jiushao ya warware lissafi mai hawa goma a littafinsa na 1247.

Suna da tsari dai daga Bagadaza fannin ya samo su. Muhammad bin Musa Alkawarizmi, wanda nasabarsa ke komawa yankin Kawarizm da ke kudancin tafkin Aral, ya yi aiki a zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. A cikin waɗannan shekaru ya rubuta ɗan littafin da ya sa wa suna Almukhtasar fi Hisabil Jabri wal Muƙabala. Kalmomin biyu ba baƙi ba ne a kunnen wanda ya zauna gaban malami a zaure. Jabru shi ne ɗori, gyaran abin da ya karye. Daga tushensa aka sami jabira, ƙyallen ɗaurin karaya da ake shafa a kansa wajen alwala. A lissafi, idan wani ɓangare yana da giɓi saboda an ɗebe masa wani abu, sai a ɗora shi, a ƙara abin da aka ɗebe a ɓangarorin biyu. Muƙabala kuwa fuskantar juna ce, kamar ta malamai biyu da aka zaunar gaba da gaba. Idan 30 tana hagu, 9 tana dama, sai a gwama su, 9 ta tafi, 21 ta saura a hagu. Jabrun nan ne Turawa suka lanƙwasa ya zama sunan fannin, har a tsohon Sifaniyanci mai ɗorin ƙashi da masanin aljabara suna ɗaya gare su. Sunan marubucin kuma shi ya rikiɗe ya zama algoridim na masu kwamfuta.

Littafin babu alama ko ɗaya a cikinsa, hatta lambobin da kalmomi aka rubuta su. Abin da ba a sani ba shai'u ne, wato abu, ko jizru, wato saiwa. Idan an ninka shi da kansa ya zama mal, dukiya, kalmar nan da ke ƙarshen baitulmali. Lamba tsura kuwa sau da yawa dirhami ake ce mata. Harshen 'yan kasuwa ne da alƙalai, kuma marubucin ya bayyana tun a gabatarwa cewa don rabon gado, wasiyya, shari'a, ciniki, awon filaye da haƙar magudanan ruwa ya yi aikin. Da yake bai yarda da lamba ƙasa da sifili ba, dole kowace gaɓa ta zauna a ɓangaren da za ta zama ƙari. Wannan ya sa abin da yau yake ƙa'ida ɗaya ya rabu masa gida shida: uku masu sauƙi, irin dukiya daidai da saiwoyi, da uku masu haɗi, irin dukiya da saiwoyi daidai da adadi.

Misalinsa da ya fi shahara, wanda malamai suka yi ta kwafa ƙarni bayan ƙarni, shi ne x² + 10x = 39. Ƙa'idar ita ce ta Babila: rabin goma biyar, biyar sau biyar 25, a ɗora kan 39 a sami 64, saiwarta 8, a cire biyar, saura 3. Sabon abin da ya kawo shi ne hujja, kuma hujja ce da za a iya zanawa da tsinke a ƙasa. A zana murabba'i mai gefe x, girmansa shi ne x². A raba 10x gida biyu, kowane gida fili ne mai tsawon x da faɗin 5. A manna ɗaya a gefen dama na murabba'in, ɗaya a ƙasansa. Abin da ya fito ya kusa zama babban murabba'i, sai dai kusurwa ɗaya ta yi giɓi, kuma giɓin biyar ne ta kowane gefe, wato 25. Abin da ke hannu 39 ne. A cike giɓin ya zama 64. Murabba'i mai girman 64 gefensa 8 ne. Takwas ɗin nan kuwa x ne da biyar. Wannan shi ne cike murabba'i da ke cikin manhajar sakandare, kuma sunan ba kwatance ba ne, murabba'i ne na gaske ake cikewa. Yawancin ɗalibai suna haddace matakan ba tare da an taɓa zana musu shi ba, alhali zanen ba ya cin minti biyar a bakin allo. Asara ce babba a koyarwa.

Kusan rabin littafin a kan wasiyya da gado yake, kuma a nan ake ganin abin da ya sa alƙali ya buƙaci jabru. Rabi, rubu'i, sumuni, sulusi da sudusi lissafi ne miƙaƙƙe. Ba a nan gizo ke saƙa ba, sai idan wasiyya ta rataya a kan rabon da ba a riga an sani ba. A ɗauka mutum ya rasu ya bar shanu 40 da 'ya'ya maza uku, ya yi wasiyyar a ba maƙwabcinsa kwatankwacin rabon ɗa ɗaya, amma a rage ushirin dukiyar daga ciki. Ba a san rabon ɗa ba sai an fitar da wasiyya, ba a san wasiyya ba sai an san rabon ɗa. Sai a kira rabon abu. Abu huɗu ba shanu huɗu daidai suke da 40. A ɗora karayar, a ƙara huɗu nan da can: abu huɗu daidai da 44. Kowane ɗa ya sami 11, maƙwabci ya sami 7, kuma bakwai ba ta kai sulusi ba, saboda haka wasiyyar ta zartu. Ta wannan ƙofa ta fara'id ne hisabi ya zauna cikin karatun fiƙihu, har almajirin da ya kai babin gado a Risala ta Ibn Abi Zaid ba shi da makawa sai ya iya sarrafa kashe-kashe.

Waɗanda suka biyo baya su suka hau benen. Abu Kamil na Masar ya faɗaɗa aikin. Alkaraji, wanda ya yi aiki a Bagadaza wajen shekara ta 1000, ya raba aljabara da dogaro ga zane, ya jera hawa-hawa ba iyaka: mal hawa biyu, ka'ab hawa uku, mal mal hawa huɗu, mal ka'ab hawa biyar, ka'ab ka'ab hawa shida. Wannan mataki ne mai girma, don fili yana da tsawo da faɗi, ɗaki yana da zurfi ƙari, amma ba abin da ido ya taɓa gani mai hawa huɗu. Samau'al, wanda daga baya ya musulunta a 1163, ɗan wani malamin Yahudawa da ya fito daga Magrib, ya ƙure malaman lissafin da ya samu a Bagadaza, ya koma karanta Abu Kamil da Alkaraji shi kaɗai. Yana ɗan shekara 19 ya rubuta Albahir. A ciki ya zana jadawali, kowane hawa da gidansa, ya zuba lambobin gaɓoɓi kawai, ya raba folinomiyal da folinomiyal kamar yadda ake raba lamba da lamba. Dogon rabon da ɗalibai ke gumi a kansa yau, in aka cire haruffan, jadawalin Samau'al ne.

Umar Hayyam, wanda duniya ta fi sani da waƙe, ya rubuta risalarsa ta aljabara wajen 1070. Ya rarrabe nau'o'in lissafi mai hawa uku, ya warware su ta hanyar gicciya lanƙwasassun layuka biyu, inda suka haɗu nan amsa take. Ya amsa cewa hanyar lamba zalla ta gagare shi, ya bar ta ga na baya. A yammacin duniyar Musulunci kuma wani salon taimakon ɗalibi ya bayyana. Ibnul Yasamin, wanda ya rasu a Marrakesh a 1204, ya ƙulla ƙa'idojin jabru cikin gajeriyar waƙa ta baiti hamsin da 'yan kai, don yaro ya haddace kamar yadda ake haddace nahawu, malamai kuma suka yi ta yi mata sharhi. Alƙalasadi, haifaffen Andalus da ya rasu a Tunisiya a 1486, ya yi amfani da alamomin da suka riga suka yaɗu a Magrib: shinun don shai'u, mimun don mal, kafun don ka'ab, jimun don jizru, lamun don daidaito.

Turai ta karɓi fannin ta hanya biyu. Ta farko fassara: Robert na Chester ya juya littafin Alkawarizmi zuwa Latin a Sifaniya a 1145. Ta biyu kasuwa: Leonardo na Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koyi lissafin Larabawa a garin Bijaya na Aljeriya ta yau, inda mahaifinsa yake wakiltar 'yan kasuwar garinsu, ya fitar da littafinsa a 1202. Daga nan biranen Italiya suka cika da makarantun lissafi na 'ya'yan fatake. Marubucin tarihin Filorens, Giovanni Villani, ya ƙiyasta cewa wajen 1338 akwai yara 1,000 zuwa 1,200 a irin waɗannan makarantu shida a birnin. Shai'u suka fassara shi cosa, wato abu dai.

Malamin lissafi a Italiya ta lokacin da gasa yake riƙe da kujerarsa. Wani ya ƙalubalance shi a bainar jama'a, a yi musayar tambayoyi, wanda ya sha kaye ya rasa ɗalibai, wani lokaci har da albashi. Don haka wanda ya gano sabuwar hanya laƙani ya samu, ba ya bugawa. A 1494 Luca Pacioli ya rubuta cewa ba a da hanyar warware mai hawa uku. Ba da daɗewa ba Scipione del Ferro na jami'ar Bolonya ya gano ta ga nau'in x³ + px = q, ya yi gum, sai dab da rasuwarsa a 1526 ya faɗa wa na kusa da shi, ciki har da ɗalibinsa Antonio Fior. Shi kuwa Fior, da laƙani a aljihu, ya ƙalubalanci Niccolò Tartaglia a 1535. Tartaglia laƙabi ne, ma'anarsa mai in'ina. Yana yaro sojan Faransa ya sare shi a muƙamuƙi lokacin da aka ci garin Brescia a 1512. Kowa ya ba ɗan'uwansa tambaya 30. Na Fior duk nau'i ɗaya ne, wanda yake da makullinsa. A watan Fabrairu, saura 'yan kwanaki wa'adi ya cika, Tartaglia ya gano hanyar da kansa, ya share talatin ɗin cikin ƙasa da awa biyu.

Labari ya kai kunnen Girolamo Cardano, likita a Milan. Ya yi ta naci har a 1539 Tartaglia ya ba shi sirrin, a ƙulle cikin waƙa, bayan ya rantse ba zai buga ba. Cardano da yaron gidansa Lodovico Ferrari, wanda ya zo masa a matsayin bara yana ɗan shekara 14, suka gina a kai, har Ferrari ya warware mai hawa huɗu. A 1543 suka je Bolonya suka ga takardun del Ferro, suka tabbatar shi ya riga kowa. Cardano ya ɗauki wannan a matsayin abin da ya kwance masa rantsuwa, ya buga littafinsa Ars Magna a 1545, ya ambaci sunan mutanen biyu. Tartaglia ya ce an ci amanarsa. Aka yi shekaru ana jifan juna da takardu, aka ƙare da muƙabala a wata majami'a a Milan a 1548, inda Ferrari ya yi rinjaye. Tartaglia ya mutu cikin talauci a 1557, ƙa'idar kuma sunan Cardano take amsawa har yau. An zalunce shi a suna, wannan ba shakka. Amma da an bar wa masu laƙani, da mai hawa uku ya sake shiga kabari da mai shi.

Ƙa'idar ta zo da nata abin mamaki. A x³ = 15x + 4 kowa na iya ganin amsa 4 ce, tunda 64 daidai take da 60 da 4, amma hanyar Cardano sai ta bi ta kan saiwar −121, abin da ake ganin ba shi da ma'ana. Rafael Bombelli ya nuna a 1572 cewa in aka daure aka ci gaba da lissafi da ita, ɓangarorin banzan suna cinye juna, 4 ta fito.

Duk wannan da jimloli aka yi shi. Alamomin a hankali suka taru, daga hannuwa daban-daban. Alamar tarawa da ta ɗebewa sun fara fita a bugu a littafin lissafin kasuwanci na Johannes Widmann a Leipzig, 1489, suna nuna rara da giɓi. Alamar daidai ta Robert Recorde ce, likita ɗan yankin Wales, a 1557. Ya gaji da maimaita kalmomin, ya zaɓi layuka biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa. François Viète, lauya a Faransa, ya yi babban juyin a 1591, da ya ba lambobin da aka sani su ma haruffa. René Descartes ya daidaita tsarin a 1637: haruffan ƙarshe, x, y, z, ga abin da ake nema, na farko, a, b, c, ga abin da ke hannu, da ƙaramar lamba a kafaɗa, ko da yake shi kansa xx yakan rubuta maimakon x². Da haka, da kuma karɓar sifili da bashi a matsayin lambobi, gidaje shida na Alkawarizmi suka dunƙule cikin layi ɗaya, ax² + bx + c = 0, da amsa ɗaya da ta game su. Ita ce ɗaliban Nijeriya suke yi wa kirari da olmaiti fomula. Takwarorinsu na Nijar, da ke bin tsarin Faransa, da neman delta suke farawa, wato b² − 4ac. An sami sauri, an kuma biya farashi: abin da dā yake labari mai dukiya da saiwa da dirhami ya koma haruffa tsirara.

Hawa biyar ya ƙi. A 1799 Gauss ya kawo hujjar cewa kowane folinomiyal yana da saiwa, wato adadin da zai mayar da shi sifili, abin da ke nufin yawan saiwoyinsa daidai yake da hawansa in aka ƙidaya masu maimaituwa da irin na Bombelli. Amma samuwar saiwa daban, ƙa'idar ciro ta daban. Niels Abel, ɗan ƙasar Norwe, ya tabbatar a 1824 cewa babu ƙa'ida gama-gari ta tarawa, ninki, rabawa da cire saiwa da za ta warware mai hawa biyar. Da kuɗinsa ya buga hujjar, ya matse ta cikin shafi shida don rage tsada. Évariste Galois ya bayyana waɗanne ne ke warwaruwa da dalilin haka, kafin a harbe shi a fito-na-fito a 1832 yana ɗan shekara 20.

Manhajar sakandare ba ta zuwa nan. Ƙa'ida ɗaya take bayarwa, ta hawa biyu. Ta Cardano ta yi tsawo da yawa. Mai hawa uku da gwaji ake kama shi. A x³ − 6x² + 11x − 6 ɗalibi zai sa 1 a wurin x, ya ga 1 − 6 + 11 − 6 ya ba da sifili, ya san x − 1 yana raba shi ba saura. Ya yi dogon rabo ya sami x² − 5x + 6, wanda ya fashe zuwa x − 2 da x − 3. Amsoshi 1, 2, 3. Gwajin yana ci ne saboda mai tambayar daga amsa ya faro, ya ninka ta baya, kamar yadda malamin Babila ya zaɓi kashi uku cikin huɗu don saiwa ta fita sumul.

Littafin koyarwa irin na zamani yana da kaka a aikin Leonhard Euler, wanda aka buga da Jamusanci a 1770. Idonsa ya riga ya tafi lokacin, sai ya riƙa yin shifta ga wani saurayi mai yi masa hidima, wanda sana'arsa ta asali ɗinki ce. Gabatarwar littafin ta ba da labarin cewa kafin a gama, telan nan ya iya warware tambayoyin da kansa. A Ingila, Hall da Knight suka fitar da ƙaramin littafinsu na aljabara a 1885 da babban a 1887, da ɗaruruwan tambayoyin gwaji da amsoshi a shafukan baya, suka bi tutar mulkin mallaka zuwa ƙasashe da dama. Har yau ana buga su a Indiya. Jarrabawa ce ta ɗaure fannin a wuyan kowane ɗalibi. A Afirka ta Yamma mai amfani da Ingilishi hukumar WAEC, da aka kafa a 1952, ta gaji wannan aiki daga hukumomin jarrabawar Ingila, kuma da shi aka gaji al'adar lesin na yamma, da tsofaffin takardun jarrabawa, da yayan da ake kai wa littafi bayan sallar isha'i.

Na'ura ta shigo a ƙarshe. A 1968 aka fara gina Macsyma a jami'ar MIT ta Amurka, manhajar kwamfuta mai sarrafa haruffa, ba lambobi kaɗai ba. Salman Khan ya fara koya wa wata 'yar'uwarsa lissafi daga nesa a 2004, ya soma ɗora darussan a YouTube a 2006. Wolfram Alpha ya fito a 2009, Photomath kuma a 2014, wadda ake haska wa tambaya da kyamarar waya ta jero matakan warwarewa. Idan aka ba irin waɗannan manhajoji x² + 10x = 39, aka zaɓi hanyar cike murabba'i, za su raba goma biyu, su ninka biyar da kanta, su ɗora 25 a kan 39, su ciro saiwar 64. Bambancinsu da littafin Bagadaza a layin ƙarshe yake: bayan 3 suna ƙara amsa ta biyu, −13, wadda Alkawarizmi bai lissafa ta cikin amsoshi ba.